Ke, Yarinyar Nan

Tun da Injiniya ta buɗe ido a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Ita ce 'yar fari, Umma kuwa irin mutanen da ce mai alkunya: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. In Umma na nemanta sai ta ce, "Ke!" In abin ya yi tsanani, "Ke, yarinyar nan!" Auta kuwa, ƙaninsu na ƙarshe, ko ruwa ya miƙo sai an haɗa masa da kirari.

Ranar da Injiniya ta gama jami'a da sakamakon da ya fi na kowa, Umma ta jujjuya takardar ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Duba min tukunyar can." Ranar da wani kamfanin jiragen ƙasa can gabas mai nisa ya ɗauke ta aiki, Umma ta ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," ta ci gaba da ninke wanki. Da wannan guzurin Injiniya ta hau jirgin sama, ita da mijinta Malam, wanda ya ajiye alli ya koma koyar da ɗalibansa ta kwamfuta.

Yanzu ga kwantiraginta ya zo ƙarshe. Kamfani ya ce ta ƙara wasu shekarun, har da ƙarin girma, amsa kuma ran Litinin ake so. Ita ko ta riga ta ƙudurta a ranta: ba za ta sake sa hannu a kan "kowa ya bar gida" ba. In Umma ba ta ce ta yarda da bakinta ba, za ta tattara ta koma. Don haka ne ma ta yi wa Umma biza ta kawo ta ziyara. Sai ga shi ziyarar na neman ƙarewa, har yanzu ba ta tayar da maganar ba.

Gidan nasu can ƙololuwar bene yake, ɗakuna biyu da kicin wanda in mutum ya buɗe firji sai ya fita waje tukuna. Umma ta ƙare masa kallo ranar farko ta ce, "Mutane a kan mutane, kamar an jera kwanuka." Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Malam. Surukin kirki ba ya cin abinci a gaban surukarsa, ba ya miƙe ƙafa, ba ya dariya da ƙarfi. A gida mai tsakar gida wannan ba wani abu ba ne. A nan kuwa sai baranda. Can yake cin abinci a tsugune tsakanin shanya, hannun rigar Injiniya na ɗiga masa ruwa a ƙeya.

"Kin faɗa mata?" ya kan tambaya da raɗa, in ta kawo masa shayi.

"Yau ba ta yi barcin rana ba. Gobe."

"Jiya kin ce ta yi barci da yawa. Ranki ya daɗe, ko dai ni zan faɗa mata?"

"Kai da ko gaishe ta za ka yi sai ka juya wa bango fuska?"

Abin mamaki, Umma ta yi ƙawa. Kullum da hantsi takan sauka ta zauna a benci ƙarƙashin bene, kusa da wata tsohuwa mai mafici. Tsohuwar na zuba da yarensu, Umma na zuba da Hausa, kowacce na gyaɗa kai a daidai wurin da ya kamata. Daga baranda Injiniya kan hango Umma tana nuni da hannu, har da dafa ƙirji. Amma da zarar ta sauko ta matso, sai Umma ta yi gum.

"Umma, wai me kuke cewa ne haka?"

"Tsakaninmu ne. Matar nan akwai riƙon amana."

"Ai ko kalma ɗaya ba ta ji."

"Shi ya sa," in ji Umma.

Malam ne ya kawo dabarar a kai Umma ganin teku ran Asabar, tunda ba ta taɓa gani ba. Ya ce mutum in ya ga ruwa ba iyaka zuciyarsa kan yi laushi. Sai dai kafin a kai ga teku dole a bi ta babbar tasha ta ƙarƙashin ƙasa, inda layukan jirgi ke haɗuwa, mutane na kwarara ta kowace kusurwa kamar an fasa gidan tururuwa.

Suna tsaye suna jiran jirgi, Injiniya ta yi ta maza ta ce bari ta fara share fage.

"Umma, kin ga ƙofofin can? Sashenmu ne ke tsara su. Lokacin da za su buɗe, lokacin da za su rufe, da inda jirgi zai tsaya daidai. Ko ƙiftawar ido ba a ƙarawa."

Umma ta dubi ƙofofin, ta dube ta. "Duk karatun nan, ashe gadin ƙofa aka ba ki."

Malam ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe. Injiniya ta shiga, taro ya turo Malam a bayanta. Umma ta leƙa ta ga yadda ake matse a ciki, kafaɗa da kafaɗa, ta ga kuma wurin da ya rage dab da surukinta yake. Ta ja da baya ta nufi ƙofa ta gaba. A can ta tsaya wani dattijo ya wuce, ta gyara mayafi, ta fara addu'ar hawa abin hawa, ta ɗaga ƙafar dama.

Ƙofa ta rufe.

Ta gilashi Injiniya ta ga mahaifiyarta tsaye da jaka a hammata, ƙafa ɗaya a sama, tana yi wa ƙofar irin kallon da take yi wa yaron da ya wuce bai gaishe ta ba. Jirgi ya ja.

"Wayarta!" in ji Malam.

"Tana jakata. Ta ce nauyi take mata."

A tasha ta gaba suka sauka da gudu, suka tsallaka, suka hau mai komawa. Tafiyar ba ta da nisa, amma Injiniya ji ta yi kamar a kan ƙaya take tsaye. Umma ba ta jin yaren garin, ba ta san sunan unguwarsu ba, benayen kuma duk kamarsu ɗaya. Da suka iso inda suka bar ta, babu ita babu dalilinta.

Suka bi wannan matakala suka sauko ta waccan. Suka leƙa bayan ginshiƙai da shagunan sayar da ruwa. Duk mayafi mai ruwan toka irin na Umma da Injiniya ta hango sai ta nufe shi, in ta matsa sai ta tarar rigar ruwan wani ce. Ta manta da Litinin, ta manta da kwantiragi. Allah dai ya nuna mata Umma, ko yau aka ce ta haɗa kaya za ta haɗa.

Sai lasifikokin tashar suka yi ƙara. Maimakon muryar matar nan mai sanyi da ke sanar da jirage, sai aka ji ana hura abin magana, fuu, fuu. Sannan:

"Ke!"

Dubban mutane ne a tashar, amma mutum ɗaya ce ta tsaya cak.

"Ke, yarinyar nan! In kina ji na, ga ni a wani ɗaki mai gilashi, kusa da matakalar nan da ba ta gajiya. Sun ba ni kujera. Kada ki yi gudu, na san ki da tuntuɓe."

Injiniya ta dafe ginshiƙi, dariya da kuka suka haɗe mata. Matafiya na ɗaga kai suna kallon rufi. Aka ji ƙwas, kamar an ajiye abu a kan tebur. Ta ɗauka shi ke nan. Amma muryar ta ci gaba, a hankali yanzu, irin muryar da ake yi a kan benci.

"Yauwa ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Za ta zo, kwantar da hankalinka. Ka ga jiragen nan naku? To ita ce ke ce musu tsaya, su tsaya. 'Yata ce, ta fari. Kai ba ka san ta ba. Tana 'yar mitsitsiya ta kwance rediyon babanta kaf, ta mayar, har ya fi da magana. Ran nan dukanta na yi, amma da na shiga ɗaki sai da na yi rawa."

Malam ya kama baki.

"Yanzu kuma sai kewaye-kewaye take, wai tana so ta ce min za ta ƙara zama a garin nan. Tana ganin ban sani ba. Gidan da in ka yi tari a kicin sai a ce maka sannu daga banɗaki! Su fita baranda ita da bawan Allahn nan suna ƙus-ƙus. Shi ma yaron kirki ne, duk ya rame a cikin shanya. To me zan ce mata? Ni da na hana ido barci a kanta, zan tare mata hanya? Ta zauna. Wallahi na yarda, duniya da lahira. Ni dai ta riƙa cin abinci, wuyanta duk ya..."

Aka ji muryar namiji a firgice, sai ƙit, lasifika ta mutu.

Injiniya ta daɗe ba ta motsa ba. Abin da ta yi shekaru tana jira, yau ga shi an watsa wa duk garin, kuma ba wanda ya tsinci komai sai su biyu.

"Ranki ya daɗe mai gadin ƙofa," in ji Malam yana share ido, "ashe har rawa aka yi."

"In ka kuskura ka nuna mun ji, a baranda za ka ƙare rayuwarka."

Suka tarar da Umma a ofishin tasha ta harɗe a kujera, an ba ta ruwa a kofin takarda. Jami'in tashar, wani siririn mutum mai hular aiki, sai ba da haƙuri yake. Ya bayyana wa Injiniya cewa ya yi ta tambayar tsohuwar sunan wanda za a kira, da baki da hannu, ta gane sarai amma ta ƙi faɗa. Da ya rasa yadda zai yi sai ya miƙa mata abin maganar. Da ta gama kuma ta ɗora jakarta a kan maɓallin da ke kunna shi, shi bai lura ba.

"Sai yanzu?" in ji Umma, ko kallonta ba ta yi ba. "Ƙofar taki ba ta da tarbiyya. Mutum na addu'a ta rufe masa a fuska."

"Za a duba, Umma."

Da sun tsira da sirrinsu, ba don jami'in ya sunkuya ya ba matafiya haƙuri ba. Suna bakin ƙofar ofishin Umma ta ga ya danna maɓallin nan, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai ga muryarsa ta cika tashar har tana amsa kuwwa. Ta dubi maɓallin. Ta dubi jakarta. Sannan, abin da ba ta saba ba, ta dubi 'yarta ido cikin ido. Labarin zuciya a tambayi fuska.

"Har ina aka ji?"

"Ko'ina, Umma."

"Daga ina?"

Injiniya ta sunkuyar da kai. "Daga rediyon Baba."

Umma ta ja mayafi ta rufe baki da hanci. Malam ya duƙufa karanta taswirar jirage kamar za a yi masa jarrabawa a kanta.

"Ƙasar nan," in ji Umma daga cikin mayafi, "ba ta da sirri."

Suka koma wurin jiran jirgi. Iskar da ke riga jirgi isowa ta fara kaɗa musu tufafi. Injiniya ta matso kusa da Umma.

"Umma, dama maganar ran Litinin..."

"Ke. Ni ba da ke na yi magana ba. Da yaron can mai hula na yi. In kina da tambaya, je ki same shi."

"To, Umma."

Fitilun jirgi suka ɓullo daga cikin rami. Umma ta gyara jaka a hammata, tana kallon gabanta.

"Abin da na faɗa masa dai ban janye ba."

Injiniya ta ji an kama gefen gyalenta, an nannaɗe shi a hannu tamau, yadda ake riƙe yaro a kasuwa. Tun jirgin bai tsaya ba Umma ta gama addu'arta. Ƙofa na buɗewa ta riga kowa shiga, tana jan 'yarta a baya.

"Ke, yi sauri," ta ce, "kafin marar kunyar nan taki ta rufe. Shi ma ce masa ya shigo. Ya tsaya daga can."