Hannun Hagu na Orval

"Juya mana, Verlene! A hankali, ba murfin kwalba kike buɗewa ba!"

Verlene ta cije leɓe ta sassauta hannu. Dunƙulen ƙarfen da ke gabanta, mai girman kabewa, ya juya a kan gindinsa, da kan bel na azurfa matse a bakinsa. Tsoho Orval, maƙerin azurfa, ya kafa ɗan kurfinsa, ƙarfen yanka zane, da hannun dama. Haka sana'ar take: kurfi ba ya bin azurfa, ita ake juyowa ta shigo bakinsa. Dama ta tura, hagu ta juya. To, hagun Orval ta mutu tun watan Afrilu da ɓarin jikinsa ya shanye, tana nan yashe a cinyarsa.

Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanin gidajensu a wannan ɗan gari na Nevada, amma Verlene ba ta taɓa zama a shagonsa ba sai bana. Mijinta Burl doki ya faɗi da shi bara, ya rasu. Abokansa makiyaya sun sa gasar zarge maraƙi da igiya ranar Asabar don tunawa da shi, kuma wanda ya ci shi zai ɗauki wannan kan bel. Azurfar kuwa adon sirdin Burl ne da cokulan aurensu aka narkar. Babu wata. Kurfi ya zame sau ɗaya, shi ke nan, abin da ya rage mata na mijinta ya lalace.

"Kin tsaya!" Orval ya daka mata tsawa.

"Numfashi na yi, tsoho. Ko shi ma an hana?"

"An hana. Duba nan." Ya nuna mata wani ɗan tabo a jikin ganyen da suke zanawa, da ƙyar ido ke ganinsa. "Duk inda hannu ya tsaya, layi sai ya yi gwiwa. Wannan zan iya ɓoye shi. Na layin gefe ba ya ɓoyuwa. In kurfi ya shiga, ba kya tsayawa, ba kya ɗaga kai, ko rufin nan ne ya rufto."

"Shi ya sa Nadine ta riga ka tafiya, ta huta da bakinka."

Ya yi dariya da rabin baki. Nadine matarsa ce, shekararta tara da rasuwa.

Ranar Laraba 'yarsa ta bugo waya daga Reno. Ba ta ma gaida Verlene ba.

"Likita cewa ya yi ya kwanta. Ke kuma kin zaunar da shi yana yi miki aiki. In wani abu ya same shi, ki san ke ce."

Maganar ta soki Verlene, don ta san akwai gaskiya a ciki. Ta je ta ce wa Orval su bari. Ya dube ta sheƙeƙe.

"Shekara hamsin ban taɓa barin aiki a matse ba. Zauna, 'yar nan."

Ta zauna. Kunya ta kama ta, don ta ji daɗin da ya ƙi.

Ranar Alhamis da hantsi wani abu ya faru da ba ta so ba. Suna cikin murɗa wani reshe, sai ta ji dunƙulen ya riga hannunta. Ba zamewa ya yi ba. Tafiya ya yi daidai inda ya kamata, kamar akwai wani tafin hannu a ɗaya gefen. Tsigar jikinta ta tashi. Ba ta tsaya ba sai da layin ya fita.

"Kai ka taɓa shi?"

"Da wane hannun?" Bai dube ta ba, kujerar Nadine da ke bakin taga yake kallo, wadda ba kowa a kai. "Yau kin iya. Saura layin gefe, wanda zai zagaye sunan Burl ya dawo inda ya fara. Gobe ban son gaisuwa, ban son surutu. Ki shigo, ki kama, ki juya."

Juma'a da ƙarfe goma ta tsallaka shingen. Rana ta fito tarwai, wata motar ciyawa na wucewa a titi. Ta tarar da shi zaune, gilashin aiki a idonsa, bakin kurfi ya riga ya ciji azurfar. Kofin kofi na gefensa, bai sha ba. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta zauna, ta kama, ta juya.

Kai, ba ta taɓa jin aiki ya tafi haka ba! Kurfin yana shiga sumul, siririn zaren azurfa yana fitowa yana nannaɗewa. Da suka kai rabi ta lura ba ta jin numfashinsa, wannan gurnanin da ya ishe ta duk mako. Nata kawai take ji. Tsoro ya cika ta. Wuyanta ya so ya ɗago, ta danne shi. In ta tsaya, sunan Burl zai zauna cikin gurgun layi har abada. Ta ci gaba da juyawa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta, har layin ya zagayo ya shige bakin mafarinsa ba tare da alamar haɗi ba.

"Tsoho, ya haɗu."

Sai a lokacin ta ɗaga kai.

Ta taɓa hannunsa. Sanyi ƙalau, ya sandare.

Jolene, mai motar asibiti, wadda Verlene ta sani tun tana goyo, ta duba shi ta girgiza kai.

"Inna Verlene, ai ya daɗe da tafiya. Tun wajen fitowar rana."

"Yanzun nan muka gama aiki da shi."

Jolene ta dubi kurfin da suka sha wuyar zarewa daga yatsunsa.

"Hannun ne ya sandare a kai, ke kuma kika juya. Ki je ki sha ruwa, kin ji?"

Bayan sun fita da gawar, Verlene ta ɗauki gilashinsa ta sa. Ta bi layin da ido. Sandararren hannu layi ɗaya zai ja, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan kuwa ya faro siriri, ya buɗe a kowace kwana yana ɗaukar haske, ya sake tsukewa, sau huɗu, yadda sai mai rai ya karkata wuyan hannu yake fita.

Ta cire gilashin ta ajiye. A kan teburin, zaren azurfar na nan manne a bakin kurfi, dogo, bai tsinke ko'ina ba, yana ɗan rawa a iskar da ke shigowa ta ƙofa.