Bakin Kilif Ya Kalli Gida

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka bayan azahar, abin da ya ƙara mini kunyar faɗarsa. Na kwanta ne a tabarma gindin darbejiya, kusa da tsohuwar mota Bitil ɗin da Baba ya rasu ya bari, babban yatsana na hagu ya kumbura suntum saboda gudumar da na yi ta ɗirka masa tun safe.

Gara in faɗi dalilin gudumar. Baba bakanike ne a Funtuwa, shekara arba'in yana ƙarƙashin mota. Yayana Zubairu ya gaji hannunsa, ni kuwa na gaji saurin fushinsa kawai. Na yi hedimasta har na yi ritaya ban taɓa kwance noti ya koma inda ya fito ba. Motar ta zauna a gidana ne don ni ke da fili. Kwanakin baya Yaya ya zo daga Zariya, ya tarar kaza ta yi ƙwai a kujerar baya, ya ce ranar Lahadin nan zai dawo da janwe, wato motar jan mota. In ya same ta yadda Baba ke fita da ita, ya bar mini. In ba haka ba, ya ja abarsa.

Na kira masu gyara suka tashi inji, suka yi fenti. Ya rage murafen ƙafafun motar guda huɗu masu ƙyalli, na ce wannan kam da hannuna zan yi, kada a ce ɗan bakanike ko murfi bai iya rufewa ba. Kowace ƙafa tana cin kilif biyar, wasu 'yan ƙarafa masu lanƙwasa da ake dannewa da ribit, su ne ke riƙe murfin. Abin da kawai na tuna Baba na faɗa shi ne, “Bakin kilif ya kalli gida.” Sai na juya duk ashirin ɗin suka kalli ƙofar gidana, na buge su tam. Ko murfi ɗaya bai zauna ba, ga shi Lahadi saura kwana ɗaya.

To, a mafarkin sai na gan ni ina tura motar a wani titi da ya kwanta a gicciye. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama. Kowa ya riƙe lemarsa baki sama a saitin gwiwa, ni kaɗai na ɗaga tawa bisa kai, ruwan na shiga mini ta ƙafar wando yana fita ta wuyan riga. Mutane na ganin motar sai su kau da kai. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta tsaya ta dube ni.

“Malam, da girmanka ka fito da ita haka tsirara?”

“Murafen suna cikin but, Iya.”

“Ai kowa ma tufafinsa na cikin akwati,” in ji ta. Ta kwance mayafinta ta ɗaura wa ƙafar baya, ta wuce.

Sai ga ni a ofis. An rubuta a ƙofa, Hukumar Murafe da Marufai. Wani bunsuru ne ke zaune bayan tebur, da tabarau da hula zanna, yana tauna fayil a hankali. Na yi sallama, ya amsa da baki cike. Na miƙa takardar koke, wata akuya sakatariya ta karɓa ta cinye nan take. Na fara ɗaga murya, bunsurun ya ce in kwantar da hankalina, a nan in an cinye takardar mutum to an amince ke nan.

“Me ke tafe da kai?”

“Ranka ya daɗe, murfi ne ya ƙi zama.”

“Ka ba shi kujera?”

Na ce a'a. Ya girgiza gemu, ya rubuta wani abu a ƙasan kofatonsa. Na ga ana neman raina ni, sai na sanar da shi cewa shekara goma sha tara na yi ina hedimasta. Ya ce madalla, in nuna hannu. Na miƙa, ya kama kumburarren yatsan ya dangwala a tawada ya buga hatimi da shi a takardu bakwai. Ya ce sun daɗe ba su samu hatimi mai kyau irin wannan ba.

“Mahaifina ya ce bakin kilif ya kalli gida,” na ce masa.

“Wane gida? Muna da gidan haya, gidan gado, gidan mai, gidan gaskiya. Ba ka cike wannan layin ba.”

Na buɗe baki in amsa, na ga ban sani ba.

Sai ga ni a aji, da alli a hannu. Kilif ashirin suna zaune bisa benci, biyar-biyar, kowanne da farar riga, duk sun ba ni baya suna kallon taga. Nan kam na ji na dawo fagena. Na buga tebur na ce kowa ya juyo. Na farkon layi ya ɗaga hannu, ban san inda ya samo hannun ba.

“Malam, kai ka ce mu kalli gida.”

“Ni na ce. Yanzu kuma na ce ku riƙe murfi.”

“Wanda ke kallon gida ba ya riƙe komai, Malam. Tashi yake jira.”

Na ɗauki guduma don in yi horo. Ashe gudumar garin nan da baya take aiki. Duk bugu ɗaya sai ribit ya fito waje, yatsana kuma ya ƙara girma. Kafin bugu na biyar sai da aka kawo wa yatsan benci nasa. Murafen huɗu suka shigo a jere suna gangarawa, wai su ne sufetocin makaranta. Na leƙa fuskar babbansu na ga tawa a ciki, hanci ya cinye rabinta, ido ɗaya na gabas ɗaya na yamma. Ya ce a rubuta a rahoto cewa hedimasta yana da ƙoƙari.

Ta taga na hango Yaya Zubairu yana jan motar da igiya a wuya, tana tirjewa tana waiwayena. Na fita da gudu, amma a garin nan in ka yi gudu baya kake komawa. Bunsurun ya wuce ni a kan keke, ya ce in daina wahalar da kaina, in je in tambayi mai maganar.

Sai ga ni a garejin Baba. Komai na nan, har warin baƙin mai da rediyonsa mai ɗaurin roba. Motar na rataye a sama ƙafafu a buɗe, Baba na kwance a rufin kwano yana duba cikinta. Ya sauko ta tsani da ka. Sai na ga ashe yanzu na girme shi, gashinsa baƙi wuluk, nawa fari. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na yi kewar mutumin nan fiye da yadda nake bari a sani.

“Hashimu, har yanzu biro?”

“Na yi ritaya, Baba.”

“To me ya samu yatsan?”

Na ɓoye shi a baya, ya leƙo ta ɗaya gefen. Na ce masa shekara nawa ina wucewa ta ƙofar garejin nan da littafi a hammata, ban taɓa tsugunawa na ga yadda yake yi ba, don ina ganin aikin masu dauɗa ne. Na ce yanzu za a tafi da motarsa, kuma ita kaɗai ta rage mini da zan taɓa in ji kamar na taɓa shi. Ya goge hannu da tsumma.

“Baba, wane gida kake nufi?”

Ya matso daf da kunnena, ya buɗe baki, ya ce, “Ƙwas.” Na ce ban ji ba. Ya ƙara cewa, “Ƙwas. Ƙwas.”

Na buɗe ido. Rana ta karkata, ƙwas ɗin kuwa bai tsaya ba. Yaya Zubairu ne tsugune gaban ƙafar gaba, ya naɗe hannun babbar riga, yana fitar da ribit ɗina ɗaya bayan ɗaya. Ashe bai jira Lahadin ba. Na duba waje ban ga janwe ba.

“Cikin ashirin ɗin, huɗu ne kawai suka yi daidai,” in ji shi, bai ko juyo ba. “Su ma na san ba da gangan ba ne. Ina ka nufa da su?”

“Baba ya ce su kalli gida.”

Ya ajiye gudumar, ya dubi ƙofar gidan, ya dubi kilif ɗin, ya daɗe yana dubana. Sannan ya sa yatsa a tsakiyar ƙafar, daidai cibiyarta.

“Nan ne gida, Hedimasta.”

Kafaɗunsa suka fara rawa, ya juya baya wai yana neman ribit. Da ya gama ya share ido da gefen riga, ya matsa gefe ya bar mini wuri a ƙasa.

“Tsuguna. Ɗaya zan nuna maka, sauran kai za ka yi. Kuma ka janye yatsan nan, ya sha isasshe.”