Jan Garin da Ya Shiga Filasma

Aikin Dakta Hasmukh Vora karanta haske ne. In an kunna babbar tukunyar ƙarfen nan ta cibiyar bincike, iskar cikinta ta zama filasma mai zafin da ya fi na rana, sai na'urarsa ta tsaga hasken layi-layi. Kowane sinadari da layinsa. Ko ƙwayar datti ce ta faɗa ciki, sai ta tona mata asiri.

Bakinsa kuwa, kaifi kamar reza. Ranar bikin kayan aiki, da ma'aikata suka ɗiga wa injina jan garin kumkum don neman albarka, ya ce wa Bhavesh, mai haɗa sassan ciki, "Bhavesh-bhai, ka tambayi tukunyar ko tana son alewar laddu ma." Aka yi dariya, ban da Bhavesh.

Sai ga filasma tana mutuwa da wuri. A allon Hasmukh wani baƙon layi ya miƙe zar: kalsiyam. Da kurkum da farar ƙasa ake haɗa kumkum, farar ƙasa kuwa cike take da kalsiyam. Kuma shi ne, da ɗaki ya watse, tsoro ya kama shi kan sabon madubin na'urarsa da ke shiga cikin tukunyar, wanda ya sha wahalar ƙerawa, ya ɗiga masa ɗan ja a baya kafin a rufe tukunyar.

A taro, da aka gane kumkum ne ya shiga tukunyar, shugabar sashe, Jagruti-ben, ta dubi Bhavesh. "Kai ne na ƙarshe a ciki. Daga yau ka bar aikin haɗawa."

"Ban taɓa shiga da shi ba, Jagruti-ben," in ji Bhavesh.

Shayin hannun Hasmukh ya huce. Da zai yi shiru, da shi ke nan, magana ta mutu. Na'ura sinadari take faɗa, ba ta faɗin suna. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi.

"Ni ne," ya ce. "A bayan madubina."

Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya, don ya san ya ci bashinta. Ba wanda ya ko murmusa. Wannan ya fi masa ciwo.

Bhavesh ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce a hankali, "Hasmukh-bhai, a wajen tukunya ake shafawa, ba a ciki ba. Da ka tambaye ni, da na nuna maka."