Albasar Malam Rufa'i

Shekara uku da rasuwar Malam Rufa'i na Jandutsi, albasarsa ta ɓace. Ja ce jawur, tana kaiwa damina a ajiye ba ta ruɓe ba. Ɗansa Jelani ne ya bar ta ta yi fure gab da wadda ya sayo a kasuwar Aliero, ƙudan zuma suka gauraya su. Abin da ya fito, wata biyu sai wari.

Ƙanwarsa Zinatu ba ta da gona. Tsohuwar kwamfuta gare ta, da darussan kyauta na intanet, inda ta shekara biyu tana koyon karanta ƙwayoyin gado na tsirrai.

"Albasa cikin talabijin!" in ji Jelani.

"Kai da ka aurar da ita ga baƙo, Yaya, ai sai ka yi shiru."

Ta sauko da goran Baba daga rataya. A gindinsa akwai ragowar iri cikin toka. Ƙamshin ya mayar da ita ƙuruciya, tana riƙe masa faifai yana murza busasshen fure yana ƙananan waƙoƙi. Irin ya mutu, ba zai tsiro ba, amma rubutun gadon da ke cikinsa yana nan.

Baba bai taɓa sayar da iri ba. Wanda ya taya shi dashe, shi yake zuba wa cikin tafin hannu. Zinatu ta bi gidajen waɗanda ya zuba wa, Jega, Aliero, Maiyama, ta tattaro iri tara ta aika ɗakin gwaji tare da na goran.

Da sakamakon ya zo ta jera su a kwamfuta. Takwas sun gauraya. Na tara ya zauna daram a kan na Baba. Na Inna Gudiya ne, wata tsohuwa a Maiyama.

Washegari ita da Jelani suka yi mata sallama.

"Inna, ya aka yi taki ba ta gauraya ba?"

"Da mi za ta gauraya, ɗiyata? Bayan ɗaki nika shuka ta, ita kaɗai. Ni miya nika so."

Jelani ya yi maza ya miƙa tafinsa. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsohonku bai ba ni ba sai da na wuni duƙe ina dashe."

Jelani ya kalli ƙanwarsa, ya sunkuya ya fara naɗe ƙafar wando.