Tarwaɗar da Ta Shiga Ikkilisiya

Tun da Malam Obadiah ya yi ritaya daga koyarwa, ɗansa Kevin ya aiko masa da sandar fatsa daga Abuja, Kafanchan ta samu abin kallo. Ba tana yake sa wa ƙugiya ba kamar kowa. Wani ɗan kifin roba ne mai jan ciki, ya wurga shi cikin rafin da ke bi ta ƙarƙashin gadar bayan kasuwa, ya riƙa fizgarsa a hankali, wai don babban kifi ya zaci mai rauni ne ya kai masa cafka. Abin da ya kamo dai bai wuce leda da silifas ƙafa ɗaya ba. 'Yan acaɓa har tsayawa suke yi su tambaye shi ko silifas ɗin ya yi gardama.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ran Lahadi ya miƙe a majami'a, ba wanda ya tambaye shi, ya yi alkawari gaban jama'a cewa ranar godiyar kaka zai kawo kifin da ya kama da robar nan. Matarsa Afiniki ta rufe fuska da littafin waƙa.

Ranar Asabar, jajibirin godiyar, sai ga sanda ta lanƙwashe. Aka yi ta ja-in-ja, Malam ya zame cikin taɓo har gwiwa yana kiran sunan Yesu, daga ƙarshe ya fito da tarwaɗa mai kaurin cinyarsa, gashin bakinta kamar na tsohon soja.

Sai dai babu wutar lantarki a unguwa balle a sa ta a firij, kuma shi so yake a ganta da rai tana motsi, kada wani ya ce a kasuwa ya saya. Bahon Afiniki ya yi mata kaɗan. Da yake dattijon ikkilisiya ne, makullin majami'a na hannunsa, sai ya tuna da kwamin baftisma da ke bayan bagadi, cike da ruwa. Ya sake ta ciki, ya tafi gida yana fito. Ya manta sarai cewa baftisma ake fara yi kafin godiya.

Da safe Fasto Meshak ya shiga ruwa har ƙugu, ya kama kan wani sabon tuba mai suna Nelson ya dulmuya shi. Nelson ya ɗago da ihu, tarwaɗa ta biyo shi sama ta wanke Fasto da mari da wutsiya. Mawaƙa suka watse, mai ganga ya hau benci.

"Nawa ne! Ni na kama shi!" in ji Obadiah, yana tsalle don murna. "Ku duba bakinsa, ga wurin ƙugiya!"

Aka duba, aka yarda. 'Yan acaɓan da ke cikin mawaƙa suka sunkuyar da kai. Daɗi ya kashe Malam, ya ce a kai wa mata su yi farfesu.

Mama Faustina, shugabar zumuntar mata, ta riƙe ƙugu.

"Baba, wane farfesu? Fasto ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu, kifi yana ciki. Ya shiga, ya fito. Ni ba na yanka ɗan'uwa."

Fasto ya yi ta bayani cewa ba haka koyarwa ta ce ba, amma kuncinsa na zafi, muryarsa ba ta fita sosai. Mata suka sa tarwaɗa a babban daro, suka ɗora wa Obadiah a ka, suka raka shi da waƙa har gada. Da hannunsa ya sake ta, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Ya share fuska ya ce ba komai, gobe ma rana ce, zai kamo wata.

"A wannan rafi?" in ji Mama Faustina. "Yaya za ka gane ba shi ba ne, ko yaransa? Baba, ka nemi wani ruwa. Nan dai gidan memba ne."