Faifan Malam Dawuda

"Kai yaro, ƙaro mini muryar kaset ɗin nan," in ji Malam Dawuda daga kujerar baya.

Muna kan hanyar unguwarmu Utaiqa a Riyad ne, mun ɗauko shi daga asibiti bayan likita ya ce hantarsa ta gama aiki, gara a kai shi gida. Ƙofarsa na kallon tawa a bene ɗaya, kuma tare muke gyaran na'urori a asibitin. Direban, wani saurayi ɗan Agadas mai suna Bashari, ya murɗa. Jita ce take kuka, a shaƙe, kamar goge ya yi mura.

"Su waye waɗannan?"

"Samarin garinmu ne, Baba. Yanzu kowa haka yake kaɗawa. A wani tsohon faifai daga Kaduna suka koya, an yi ta kwafe shi a kaset har sunan mai shi ya ɓace. An ce ma ya rasu."

Malam Dawuda ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sun ɗan yi gaggawa."

Matarsa, Hajiya Rakiya, ta juya fuska wajen taga tana share ido da gefen mayafi.

A falo, bayan la'asar, ya sa ta ciro faifan daga ƙasan akwatin zannuwanta. Shekara shida muna maƙwabtaka a Riyad ban taɓa jin yana ko fito ba. Ya ce tun yana saurayi ya yi faifan. Cokali ya soke tsakanin wayoyin jitar, ya tsaga lasifika da reza, don yana so ƙarfe ya yi kukan gogen da kakarsa ke so. Waɗanda suka saya suka riƙa dawo da shi, wai ya lalace.

"Ni ma cewa na yi ya lalace," in ji Hajiya Rakiya. "Amma na aure shi a haka."

Bashari, da ya taya mu hawo da shi, ya durƙusa ya karɓi faifan da hannu biyu. "Wallahi, Baba, in na faɗa a gida ba mai yarda."

"To ka ce musu su daina jin tsoron wayar ƙasa ta jitar. Can daɗin yake."

Bai ƙara mako ba. Ranar Alhamis da hantsi Hajiya ta ƙwanƙwasa mini. Na same shi idonsa a rufe, leɓɓansa na bin kalmar shahada da nake maimaita masa. Hannunsa na hagu na riƙe da tsintsiyar hannunta, yatsunsa suna dannawa ɗaya bayan ɗaya kamar a kan wayoyin jita, suna hawa suna sauka a hankali.

Da suka tsaya, ba ta janye hannunta ba. Ta zauna a haka har aka kira azahar a masallacin bayan gida.