San Haya

Sau uku san nan yana shiga gidan yari yana fitowa da ƙafafunsa, abin da mutane da yawa a cikin gidan suka shekara suna roƙon Allah ba su samu ba.

Mai shi Salissou ne, mahauci, mutumin Maraɗi, shekararsa goma sha ɗaya a Agege. Ya sayi san yana ƙanjamammen maraƙi mai karyayyen ƙaho, ya yi kiwonsa a wani lungu kusa da layin dogo, da dusa da ɓawon rogo, har ya zama abin kallo. Ba shi da gida a Legas, takardunsa na zama a ƙasar kuwa sun daɗe da daina aiki. San nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Alhaji Sharif ke da kwangilar ciyar da fursunoni, takardar kwangilar kuma ta ce duk mako za a yanka sa guda. Duk bayan wata uku gwamnati takan turo masu sa ido su duba. Ran nan sai Alhaji ya ɗauki hayar san Salissou, a ɗaure shi a gindin mangwaron da ke gaban kicin, a ɗauki hoto, baƙi su wuce ofis cin shinkafa da kaza. Kafin azahar an fitar da sa ta ƙofar baya.

Yau ne zuwa na huɗu, amma Salissou bai saba ba. An maida ƙofar ƙarfen an rufe a bayansa. A garinsu kaso ake ce wa irin wannan wuri, kuma ko sunan ba a son faɗa da safe.

"Buzu, ka wanke shi kuwa?" in ji Alhaji, yana gyara hula.

"Na wanke shi, Alhaji."

"Kai fa?"

Gandurobobi biyu da ke tsaye suka yi dariya. Salissou ma ya yi, don ya san ana so ya yi.

Sai dai ba mutanen da aka saba gani ba ne suka sauko daga mota. Mace ce ita kaɗai, matashiya, da takalmi marar tsini da jakar takardu a hammata. Shugaban gidan ya nuna mata hanyar ofis, ta girgiza kai, ta nufi kicin. Daga gindin mangwaro Salissou ya hango ta ta buɗe tukunya, ta zura ludayi, ta ɗago. Ruwa ne ja-ja, da ƙwayoyin wake da za a iya ƙirga su suna yawo a ciki. Ta daɗe tana kallon ludayin kafin ta mayar.

Sannan ta zo wajen sa.

"Sannu da aiki, Malam. Sunana Kachollom. Kai fa?"

Hausarta ta mutanen Jos ce. Salissou kuwa duk fatansa a yi Turanci a gama ba tare da an kalle shi ba.

"Salissou, Madam."

Ta zaro hotuna uku ta jera su a kan benci. "Wannan na Janairu ne, wannan Afrilu, wannan Yuli. Alhaji, zo ka gani. Sau uku ana yanka san nan a takarda yana tashi. Ko a coci ban taɓa jin irin wannan mu'ujiza ba."

Alhaji ya yi murmushi. "Madam, ai shanun Arewa kama suke yi. Wataƙila ubansu ɗaya."

"Har karyewar ƙahon ma gado ce?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta juyo ga Salissou, ta sassauta murya.

"Malam Salissou, hoto kaɗai ba zai soke kwangila ba, za su ce kama ce. Bakin mutum nake nema. San nan na wane ne? In naka ne ka faɗa, ka ja abinka ka koma gida. Ni na san abin da zan rubuta."

Hannun Alhaji ya sauka a kafaɗarsa, a hankali, da ƙamshin turare.

"Faɗa mata gaskiya, Buzu. Kai baƙo ne a ƙasar nan. Baƙo ya yi wa hukuma ƙarya, a irin wannan gida kuma, ai ka san ba nisa za a kai shi ba."

Salissou ya dubi doguwar katangar da aka yi wa rawani da waya mai ƙaya. Ya dubi ƙofar, ya dubi makullan da ke lilo a ƙugun ganduroba.

"Na Alhaji ne," ya ce. "Na gidan ne."

"Ban ji ba."

"Na gidan ne, Madam."

Ta kalle shi har ya sunkuyar da kai. Ta tattara hotunan, ta zauna a kan bencin, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

"To madalla. Tunda na gidan ne, yau kuma ranar nama ce a takarda, a yanka. Ina nan zaune."

Salissou yana ganin abin da take nufi. Ta tabbata ba zai iya ba. Ta tabbata da zarar wuƙa ta fito zai ɗaga murya ya ce dukiyarsa ce, shi ke nan ta samu abin da ta zo nema. Alhaji kuwa ya ciro hankici yana goge wuya.

"Oya, a kawo mutum huɗu!" in ji wani ganduroba.

Aka fito da fursunoni huɗu don su kayar da san. Na ukunsu, dogo, wandonsa ɗaure da igiyar leda don kada ya zame, ya ɗago kai, sai Salissou ya gane shi. Misbahu ne, direban da ke yi wa Alhaji jigilar kayan abinci a da, wanda shi da Salissou suke shan shayi tare a bakin tasha. Bara ya gaya wa wani mai sa ido cewa buhunan waken da ake shigowa da su da safe shi da kansa ake sa wa ya fitar da su da yamma. Bayan mako guda aka ce ya saci taya. Wata goma sha huɗu ke nan yana jiran shari'a. Mutum ne mai jiki a da. Yanzu ƙasusuwan wuyansa sun fito, laɓɓansa sun tsattsage.

Suka durƙusa tare suna ɗaure ƙafafun san.

"Yaya Salissou," in ji Misbahu ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba. "Faɗa mata."

Salissou ya ja igiya.

"Don girman Allah ka faɗa mata. A ɗakinmu mutum uku suka rasu da damina. Ba ciwo ba ne, yunwa ce. Wannan matar da gaske take."

"Wancan na bara ma ka ce da gaske yake."

"Wannan daban ce."

"Kai da ka faɗa, yau kana ina?"

Misbahu ya kama igiyar. Suka ja tare, san ya faɗi a gefensa na hagu, ƙasa ta girgiza. Bai yi gardama ba, domin hannun da ya saba da shi ne a wuyansa. Salissou ya juya masa fuska gabas.

Aka kawo wuƙa daga kicin. Tsatsa ta ci bakinta, ko albasa ba za ta yanka da daɗi ba. Madam Kachollom ta miƙa hannu ta karɓa, ta jujjuya ta, ta dubi Alhaji.

"Da wannan kuke yanka sa duk mako?"

Ta miƙa wa Salissou. Ya je bakin kwata, ya juya wa san baya don kada dabbar ta ga ana wasa wuƙa, ya fara goga ta a gefen siminti. A tagogin ɗakunan, fuskoki sun cunkushe a bayan ƙarafa, ƙarar wuƙar kawai ake ji. Ya gwada kaifin a farcensa. Ya ci gaba da gogawa duk da ta yi kaifi tuni.

"Malam Salissou." Muryarta ta canza, ta miƙe tsaye. "Ba dole ba ne. Kalma ɗaya ce."

Ya dawo ya durƙusa. Ya shafa wuyan san inda yakan sosa masa da safe. Ya ji idon Misbahu a kansa, ya ji inuwar Alhaji a bayansa.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Jini ya yi tsartuwa har kan takalminta. San ya yi ta shure-shure, mutum huɗun da ba su da ƙarfi suna danne shi da dukkan jikinsu, har ya lafa. Sai ihu ya ɓarke a tagogi, ana buga kwanoni a jikin ƙarafa, wasu da Yarbanci, wasu da Hausa, duk nama suke kira.

Alhaji Sharif ya mayar da hankicinsa aljihu.

"To, Madam, kin gani da idonki. Sai a rubuta."

Ta tsaya tana kallon gawar san, leɓenta na motsi. Takardar tambaya ɗaya take yi, ko an yanka dabba a gaban jami'i, ƙarƙashinta kuma gurbi biyu ne, e ko a'a. Ta sa alama, ta danna biro har ya huda takardar. Ƙasa akwai wurin shaidar mahauci. Salissou ba ya rubutun boko, aka shiga neman tawada. Alhaji ya ce a bari, ya kama babban yatsan Salissou yadda yake jiƙe da jini, ya danna.

Da Alhaji ya matsa gefe yana gaisawa da shugaban gidan, ta matso kusa, idanunta sun kaɗa.

"Me ya sa? Da ka faɗa, wallahi da na tsaya maka."

"Zuwa ƙarfe nawa, Madam?"

Ta buɗe baki. Idonta ya kai kan agogon hannunta kafin ta ankara, ta yi saurin ɗauke shi.

Salissou ya ajiye wuƙar a kan benci, ya nufi ƙofa. Ganduroban ya gwada makulli na farko, bai shiga ba. Ya gwada na biyu. A bayansa ya ji Misbahu ya kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Makulli na uku ya buɗe. Ya sunkuya ya fita ta ƙaramar ƙofar, bai waiwaya ba.